Jan Rawani a Goshin Waya

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan a ƙofar shagona, wai ɗora ƙyallen sanarwa a saman fuskar waya ta hanyar manhaja aikin minti goma ne, kafin shayi ya huce an gama. Ban tanka ba, don bakina cike yake da gyaɗa. Amma tunda kun yi wata uku kuna koyon haɗa manhaja har an ba ku takarda mai tambari, ku gyara zama in ba ku labarin ƙyalle guda ɗaya tak da ya cinye min shekara shida, ya kuma tashi wani bawan Allah daga ƙasar da aka haife shi.

Ni Garba, ɗan Badafi ne. Ubana manomi, kakana manomi, ni kaɗai na karkace. Na fara da buga wa mutane takardu a wani shago a Kano, lokacin da kwamfuta take da ƙeya kamar tukunya. A nan na haɗu da Malam Nasidi, Allah ya jiƙansa, wanda ya koya min wannan sana'a. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Shekara uku na yi ina zaune kusa da shi, ban taɓa jin ya ce aikina ya yi kyau ba. In ya yi shiru, to ya yi kyau ke nan.

Aikin farko da ya sakar min na wani mai sayar da maganin feshi ne a Kwanar Ɗangora. Yana son manhaja da za ta nuna wa manomi wane magani ne na wane ƙwaro, kuma yana son a kowane shafi, ko ina mutum ya shiga, ya ga gargaɗi a sama cewa a rufe hanci kafin a fesa. Shafi goma sha biyu ne. Na zauna na zana ƙyallen gargaɗin sau goma sha biyu, kowane shafi da nasa, ina ta jin kaina. Malam Nasidi ya karɓi wayar ya fara dannawa. Duk shafin da ya buɗe sai ƙyallen ya ƙifta, ya zame gefe tare da tsohon shafi, sannan wani ya shigo. Ya buɗe wurin rubutu, haruffa suka taso suka ture shi. Ya kwantar da wayar a kaikaice, ƙyallen ya yanke biyu. Ya sa na kira lambar wayar, kira ya shigo ya danne shi gaba ɗaya.

Ya ajiye wayar ya ce, "Garba, shafukan nan tabarmi ne. Kowacce ka shimfiɗa sai ta rufe ta ƙasa. Kai kuma ka zauna kana ɗinka ƙyallenka a jikin tabarma. Rataye shi a azara mana, ka bar tabarmi su yi ta sauyawa a ƙarƙashinsa."

Wannan shi ne asalin aikin, kuma shi ne wanda kuke cewa minti goma. Ba ka ɗaure ƙyallen a jikin shafi, sai ka buɗe masa tagarsa daban, wadda take zaune a bisa duk shafukan. Faɗa ba wuya. Amma da zarar ka rataye shi sai ya fara haɗiye taɓawa, mutum ya danna abin da ke ƙarƙashinsa ya ƙi dannuwa, ya ce waya ta lalace. Ka gyara wannan, sai ka tarar in an fita daga manhajar an dawo ya zama biyu, ɗaya kan ɗaya. Ka gyara wannan, sai wata ƙaramar taga ta tambaya ta faɗo ta zauna a kansa. Mako bakwai na yi a kan gargaɗin mai maganin feshi, na rame har mahaifiyata ta tambaya ko zazzaɓi nake.

Da na dawo gida na buɗe shago a Kiru, kayan aikina ba su fi a ɗauka a hannu biyu ba. Kwamfuta ɗaya mai mataccen batir, wadda in wayar wutarta ta motsa sai ta ɗauke da duk abin da ban adana ba. Faifan sola a kan rufi. Sai kwali guda cike da tsofaffin wayoyi da nake saye wurin masu gyara, wasu fuska a tsage, wasu ba murfi. Kwalin nan ya fi kwamfutar daraja a wurina. Ku kuna gwada aikinku a kan wayarku mai tsada, a cikin inuwa, da yatsa mai laushi. Manomi ba irin wayarku gare shi ba. Tasa ƙaramar ƙwaƙwalwa gare ta, in ta ji nauyi sai ta fara kashe abubuwa da kanta, kuma abinka za ta fara kashewa. Duk abin da na haɗa sai na gwada shi a kan kowace waya da ke kwalin, sannan in fita da shi tsakar rana in duba, don launin da ke ihu a cikin shago, a gona ko tari ba ya yi.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo min ne daga wajen Burumburum, a ƙasar Tudun Wada. Akwai wani kwamiti na manoma da makiyaya a can, masu sa ranar sakin gona. Wanda ya tashi a birni bai san wannan ba. In an gama girbi an kwashe amfani, sai a sa rana a ce daga yau shanu su shiga gonaki su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki. Kowa ya amfana. Amma kafin wannan rana, saniya ta sa ƙafa a gona fitina ce. Matsalar ita ce ranar ba ta zama wuri ɗaya. A sa ta, sai a ga dawar wasu ba ta bushe ba, a ɗaga. A yi shela a kasuwa da masallaci, na gari su ji, wanda ke ruga can bakin daji bai ji ba. Kusan kowace kaka sai an fasa wa wani kai.

Sakataren kwamitin ne ya zo shagona, tare da wani dogon dattijo mai sanda, Arɗo Buba, shugaban rugagen wajen. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Yana kiwo, yana kuma noman masara, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Sakatare ya zazzage min buƙatu, yana son shafin sanarwa, shafin sunayen gonaki, shafin kaza da kaza. Arɗo ya bari sai da ya gama sannan ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, yarana ma haka. Kada ka rubuta mana komai. Ka ba mu launi. In na kunna waya na ga ja, na san ba a saki ba. Kuma kada sai na nemo shi, shi ya nemo ni."

A zuciyata na ce wannan ya fi sakataren fahimtar aikin. Abin da yake nema ya wuce na mai maganin feshi. Wancan a cikin manhaja kawai yake zaune. Wannan kuwa sai ya hau bisa komai da ke wayar, ko mutum na kira, ko yana jin wa'azi, ko yana kallon dambe. Da na kai musu gwaji na farko, Arɗo ya juya wayar ya dube ta, ya ga jan ƙyalle ya kewaye mata goshi, ya yi dariya ya ce an naɗa mata rawani. Sunan ke nan da ya bi shi. Har yau a wajen in ka ce rawani an san abin da kake nufi.

Don abu ya zauna a bisa sauran manhajoji sai mai waya ya ba shi izini da hannunsa, kuma izinin a ɓoye yake, can cikin saiti, ƙofa bayan ƙofa, da Turanci. Ba a aika wa makiyayi wannan a saƙo. Babur na hau, ruga ruga, ƙauye ƙauye, ina karɓar waya ina buɗewa. Na sha nono har ya ishe ni. Na dawo gida ina cewa an gama, bayan mako biyu aka fara kira, rawani ya faɗi. Ashe wayoyin suna da wani abu mai tsimin batir, wanda in ya ga manhaja ta daɗe a tsaye sai ya shaƙe ta a ɓoye, ba sallama. Kowane kamfani kuma da inda ya ɓoye nasa. Na sake hawa babur.

Shekara ta biyu sai ɓarayi suka shigo sana'ar. Suka gano cewa da irin wannan taga ta sama ana iya shimfiɗa hoton ƙarya a kan manhajar banki, mutum ya zuba lambobinsa yana zaton gidansu ne. Masu tsarin wayoyin suka fusata, suka ƙara wa izinin kwaɗo. Ba su san da ni ba, ba su san da Burumburum ba, amma duk sabuntawar da suka saki sai ta karya min wani abu. Ban taɓa ganin fuskar ɗayansu ba, amma ba mutanen da suka wahalar da ni a duniya kamarsu. In gyara a watan azumi, su rushe kafin babbar salla. Wasu ƙananan wayoyin ma aka hana su izinin kwata-kwata, sai na bi ta wata hanya mai tsawo. Duk da haka na riƙe shi. Na tsara shi yadda ko babu sabis, ko kati ya ƙare, ko an kashe waya an kunna, ja zai ci gaba da zama ja, har sai saƙon saki ya iso daga hannun sakatare. Da wannan nake alfahari, kuma ina da hujja.

Sai ƙorafin mutane. Wannan kam ba a koyar da shi a ajin wata uku. Matasa suka ce rawanin yana rufe musu kan ɗan wasa in suna kallon ƙwallo. Na rage faɗinsa. Suka ce har yanzu. Na sake ragewa, sai da ya dawo bai fi faɗin yatsa ba. A tsarina na farko, in an saki gona ja yakan koma kore, ya zauna haka har damina. Sakatare ya zo ya ce mutane sun gaji, koren ma tsaye yake musu a ido, in an saki gona kawai ya ɓace.

Na ce, "Malam Sakatare, gara a bar koren. Abin da ido ya gani ya fi abin da bai gani ba."

Ya ce, "Malam Garba, in ba ka cire ba goge manhajar za su yi gaba ɗaya. Wasu ma sun fara. Zaɓi ɗaya."

Na yi musu na kwana biyu, na gaji, na cire. Daga ranar ma'anar ta zama haka: in akwai ja, a tsare shanu, in babu komai, an saki. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito, kuma da hannuna na yi shi.

Kaka huɗu aka yi lafiya. Ba a fasa kan kowa ba. Dagaci ya sa min albarka a gaban jama'a, mutanen wani gari a Doguwa da wasu a Bebeji suka aiko suna so a yi musu irinsa. Na fara tunanin sayen sabuwar kwamfuta. A wannan lokacin in kun gan ni a kan babur ba za ku ce ni ne wannan ba.

Shekarar da ta ɓaci, ruwa ya makara, shuka ta makara, dawa ta ƙi bushewa da wuri. Kwamiti ya sa Asabar ranar saki, kowa ya ji. Ranar Alhamis suka zagaya gonaki suka ga da saura, suka ɗaga da kwana goma. Sakatare ya kira ni ya ce me za a danna. Na ce kada ya danna komai, ja yana nan a kan kowace waya, ba inda za shi. Aka yi shela a masallatan gari ranar Juma'a. Rugar Arɗo Buba tana can nesa, ba wanda ya taka ya je, don an dogara da rawani. Ni ne na koya musu dogara da shi.

Asabar da hantsi shanun Arɗo, garke guda, suka shiga gonar wani tsoho, Malam Tukur. Gona ɗaya gare shi, dawa ce kaf, zangarniya ta yi nauyi ta sunkuya, kwana kaɗan ya rage a yanka. Ba a ɓoye suka shiga ba, ta bakin hanya suka shiga, masu kiwon suna tafe a baya hankali kwance. Kafin mutane su ankara an cinye fiye da rabi, sauran an tattake. Samari suka fito da sanduna. Aka fasa wa mutum biyu kai, aka ƙone bukka uku a rugar. Da ƙyar manya suka raba.

Ranar Litinin aka zauna a ƙofar dagaci, aka aiko a kira ni. Kafin in fito na duba rajistar da manhajar ke ajiyewa, na ga ba a taɓa aika saƙon saki ba, kuma wayar Arɗo da aka kunna ta ranar Asabar da safe, ja ta nuna. Wannan na sani. Na kuma san cewa in aka ce rawani ne ya faɗi, aikina ya mutu, na Doguwa da na Bebeji sun tafi, shekara shida ta bi ruwa. In kuma rawani bai faɗi ba, to Arɗo Buba ya ga ja ya saki shanu da gangan, ya kuma zo yana ƙarya. Ɗayanmu ne zai tashi daga wurin da mutuncinsa.

Aka ba Arɗo magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar Laraba na kai wayar nan caji kasuwa, musamman don Asabar. Na kashe ta na sa a jaka don kada wuta ta ƙare. Asabar da rana ta fito na kunna, na duba, na sake dubawa. Na miƙa wa ƙanena ya duba. Babu ja. Wallahi babu ja. Shekara nawa muna tare, yaushe na taɓa sa saniya a gonar mutum?"

Wayar tana hannun sakatare tun ranar rikicin. Ya miƙo min. Na kunna a gaban kowa, na ɗaga ta sama. Ja ya fito, raɗau, a goshinta. Jama'a suka ɗau guna-guni. Na ji babban yatsana ya ɗan manne a saman gilashin, wani danƙo-danƙo, na goge a rigata ban kula ba. Hankalina yana kan fuskokin mutane.

Dagaci ya ce, "Malam Garba, kai ne mai abin. Zai yiwu ya ɓace ranar Asabar ya dawo yau?"

Na ce, "Ba zai yiwu ba, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa, kuma da sauri na faɗe ta, har da jin daɗi. Da na ce a ba ni kwana biyu in bincika, ba wanda zai hana ni. Ban ce ba. Arɗo ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sandarsa. Ba wanda ya furta kalmar maƙaryaci, amma kowa ya tashi da ita a baki.

Aka yanke masa abin da zai biya Malam Tukur, ya biya ba musu. Ba wannan ne ya kore shi ba. Abin da ya kore shi, mutumin da in ya yi magana a kwamiti ake cewa ta zauna, yanzu in ya yi sallama sai a amsa a ciki. Matan rugar suka riƙa dawowa da nononsu daga gari ba a saya ba. Aka daina kiransa zama. Kafin wata biyu suka kwance bukkokin da suka rage, suka ɗaura wa shanu kaya, suka yi kudu. Har tsohuwar mahaifiyarsa, wadda ba ta iya tafiya, a kan jaki aka ɗora ta.

Bayan tafiyarsu da kamar mako uku na je kasuwar Burumburum, wayata ta mutu, na shiga rumfar mai caji. Ɗanliti ake ce masa, magidanci ne mai furfura, ga janareto yana kuka a bayansa, ga wayoyi jere a kan katako sun fi hamsin. Ya karɓi tawa, ya yago farin salatif na takarda, ya rubuta lamba da biro, ya manna a saman fuskarta, ya danne da yatsa. Ya ba ni wata 'yar takarda mai lamba iri ɗaya.

Na ce, "Malam Ɗanliti, me ya sa a gaba? Ba a baya ake mannawa ba?"

Ya ce, "Taka tana da riga ai. Rigar robar nan salatif ba ya kama ta, sai ya faɗi lamba ta ɓata a yi ta rigima. Masu riga a goshi nake sa musu. Da ma wurin jan abin nan ne, babu abin dannawa a wurin. Wasu har godiya suke min, wai na rufe musu shi."

Na dubi katakon, kusan rabin wayoyin da farin salatif a goshi. Na ce ko ya tuna Arɗo Buba.

Ya ce, "Arɗo? Allah sarki. Ai zuwansa na ƙarshe riga ya saya wa wayarsa a wurina, sabuwa, ni na sa masa da hannuna. Da can a baya nake manna masa."

Na roƙe shi guntun salatif. Da wayata ta ɗan samu wuta na kunna jan gwaji, na manna salatif ɗin a kansa, na fita daga rumfar na tsaya a rana. Faɗinsa da na rawanin kamar an auna. Fari a kan farar fuska, ba ko alamar ja. Na kara hannu na yi inuwa, sai can na hango wani ɗan jaja-jaja, wanda sai ka san yana nan za ka gan shi. Na daɗe a tsaye a wurin har wani mai kura ya yi min tsawa in ba shi hanya. Shekara shida ina kokawa da shafuka, da kira, da mai tsimin batir, da mutanen da ke ƙasashen da ban sani ba, duk na hau kansu. Ban taɓa zama na tambayi inda wayar makiyayi take kwana ranar kasuwa ba.

Daga nan gidan sakatare na nufa. Na tambaye shi ko da wani abu a jikin wayar lokacin da ta zo hannunsa. Ya ce, "E, akwai wata 'yar takarda, ni na ɓare ta don a ga fuskar sosai a wurin zama." Na faɗa masa abin da na gano. Ya yi salati, sannan ya ce, "Malam Garba, magana ta riga ta kwanta. In ka tayar da ita yanzu, waɗanda suka ƙone bukkoki fa? Ka rufa mana asiri."

Ban rufa ba. Na je wurin dagaci na faɗa, ya ce Allah ya kyauta, ƙaddara ce. Na je wurin Malam Tukur, na same shi yana gyaran danga, na yi masa bayani tiryan-tiryan har da salatif ɗin a hannuna. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "To, ɗana, na ji. Dawar tawa za ta dawo ne?" Na faɗa a masallaci bayan sallar Juma'a, mutane suka girgiza kai suka sa takalmansu. Gaskiyar ta zo lokacin da ba mai buƙatarta.

Gyaran kuwa bai ɗauke ni yini ɗaya ba. Na dawo da kore, na sa murya da Hausa da Fulatanci tana faɗa in an kunna waya, na sa launin ya cika fuska gaba ɗaya na ɗan lokaci kafin ya koma sama. Ba wanda ya karɓa. Makiyayan da suka rage sun goge manhajar tun ranar zaman, sun ce abin da ya mai da Arɗo maƙaryaci ba zai kwana a aljihunsu ba. Manoma da suka ji labarin salatif suka ce ashe abin ba shi da tabbas. Na Doguwa da na Bebeji suka daina ɗaga wayata. An koma shela, an koma fasa kai. Ni kuma ga ni nan kuna gani, ina manna wa wayoyi gilashin kariya ina tura wa mutane karatu a kati. Kwamfutar tana ƙarƙashin tebur, ɓeraye sun ci wayarta, ban kuma nemi wata ba. Na daina jin ina da abin da zan ƙara wa kowa da wannan sana'a, wannan ita ce gaskiyar magana.

Sai da na yi fiye da shekara ina neman lambar Arɗo. A ƙarshe wani dillalin shanu a Doguwa ya ba ni. Na ajiye ta kwana huɗu ban kira ba. Ran na biyar da safe na kira, ya ɗauka, ina jin kukan maruƙa a bayansa. Na faɗi sunana. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi Kiru. Na zayyana masa komai, rigar wayar, salatif, Ɗanliti, danƙon da na ji a yatsana na goge a riga. Na ce ya yafe min, na ce yanzu kowa ya san bai yi ƙarya ba.

Ya ce, "Malam Garba, ai ni na san ban yi ƙarya ba tun ranar. Ku ne ba ku sani ba. Na yafe maka."

Na ce, "To Arɗo, ku dawo mana. Filin rugar yana nan, ba wanda ya noma shi. Ni da kaina zan je wurin dagaci."

Ya ce, "Inna ba ta jure hanyar ba. Kwana tara da isowarmu ta rasu, a nan muka binne ta. Yanzu muna da kabari a nan, Malam. Ina za mu?"